Motar Yankan Ciyawa a Soron Mandawari

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ina da 'yar rumfa a Dukawuya, inda nake gyaran ƙananan injuna: janareta, injin niƙa, da injin ban ruwa na mutanen fadama. Ubangidana da ya koya mini sana'ar ya rasu, ni kaɗai nake zaune a rumfar da akwatin sufanuna da 'yar rediyo. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba. Ko'ina ka juya a cikin gari zancen sabuwar gwamnati ake yi, masu shayi da masu facin taya kowa ya zama masanin siyasa.

Wata ranar da hantsi wata dattijuwa ta tsaya a bakin rumfata, ta lulluɓe da babban mayafi. Na yi mamaki, don mace irinta ba ta zuwa wurin bakanike da ƙafarta, aike take yi. Na miƙe na gaishe ta.

"Malam, kai ne mai gyaran inji?"

"Ni ne, Hajiya. Janareta ne?"

"Ni ma ban san sunan abin ba. Mota ce, kuma ba mota ba ce. Ƙanena ne ya zo da ita daga wurin aikinsa. Ya ce a nemo masa mai gyara, ni kuma ban so a kira mana wanda zai yi ta yawo da zancen gidanmu. An ce kai ba ka da surutu."

Na ɗauki akwatina na bi ta har Mandawari. Gidan yana can ƙuryar wani lungu da ko amalanke da ƙyar take wucewa, tsohon ginin ƙasa ne irin na malamai, soro bayan soro, rufin azara, ga sanyi da warin jemage. A soro na ciki, inda haske ba ya shiga sai ta wata 'yar taga a can sama, na ga abin. Kamar ɗan ƙaramin tarakta ne, ja amma ya koɗe, da sitiyari da kujera guda, da wani faffaɗan kasko na ƙarfe a ƙarƙashinsa inda wuƙaƙen suke. Motar yankan ciyawa ce, irin wadda ake hawa. Na taɓa hango irinta ta bayan shinge a unguwar manya, amma ban taɓa sa mata hannu ba. Hajiya ta ce 'yan dako ne suka ɗauko ta a kafaɗa daga bakin titi, har sai da aka cire ƙyauren ƙofa kafin ta shiga.

Na leƙa tsakar gida. Daɓen siminti ne tun daga bakin soro har madafi. Ko tsinken ciyawa babu.

Ƙanen nata yana zaune a kan tabarma a gefen motar, ban ma lura da shi ba sai da ya motsa. Dogo ne, fari, cikin jallabiya da silifa, amma zamansa kawai za ka gani ka san soja ne. Manjo ne, yana cikin hafsoshin da aka yi wa ritaya da zuwan farar hula. Iyalinsa suna can wani gari, shi kaɗai ya dawo gidan mahaifinsu inda yayarsa ke zaune tun da mijinta ya rasu. Ita ba ta kiransa Manjo, Auta take ce masa.

"Za ka iya tayar da ita?" Abin da ya fara ce mini ke nan bayan sallama.

"Sai na buɗe na gani, ranka ya daɗe."

"Buɗe."

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Batir ya mutu, fetur ɗin cikin tanki ya tsufa ya zama kamar ƙaro. Na duba fulogi na mayar da shi, na sa hannu na juya injin, sai na ji yana juyawa sakwaf, babu wani ƙarfi da ke tare hannuna. Injin da ke da lafiya yana gardama idan ka juya shi. Wannan kuwa ya sallama. Na san matsalar tana wurin bawul, ƙofofin nan biyu da ɗaya ke shigar da mai da iska, ɗaya ke fitar da hayaƙi. Na kwance murfin kansu. Akwai siraran sanduna biyu na ƙarfe da ke tura bawul ɗin su buɗe. Ɗaya tana nan a miƙe. Ɗayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta zame daga mazauninta ta kwanta a cikin baƙin mai. Bututun da bawul ɗin hayaƙi ke kai da komo a cikinsa shi ma ya turo kai waje daga inda aka dasa shi.

Zafi ne ke yin haka. Na cire rigar ƙarfen da ta rufe injin don in ga abin da ya hana shi shan iska, sai na tarar da ciyawa ta cushe tsakanin haƙarƙarinsa dam. Na sa waya ina zaƙulowa. Ta waje ta bushe ƙayau, amma da na kai ciki sai ta riƙa fitowa da ɗanyen launi, har da ƙamshin ciyawar da aka yanka ɗazu. Ƙamshin ya cika soron, ya danne warin jemage.

"Ranka ya daɗe, yaushe rabon da a tayar da ita?"

"An yi shekaru."

Na dubi ciyawar da ke tafin hannuna, na murza ta, ta bar mini kore a yatsa. Na gaya wa kaina cewa baƙin mai ne ya jiƙa ta ya hana ta bushewa. Na zubar, na goge hannu a tsumma.

Aikin ya ɗauke ni makonni, saboda babu mai sayar da kayan irin wannan injin a Kano a lokacin. Na yawata Ƙofar Ruwa da lanƙwasasshiyar sandar a aljihu ina gwada ta da ta matattun janaretoci, har na samu wadda ta ɗan fi ta tsawo, na kai wa mai injin yanka ƙarfe ya rage mini. Shi ne kuma ya gasa kan silindar, wato ƙoƙon kan injin, ya mayar da bututun bawul ɗin mazauninsa. Sauran aikin a soron na yi shi, domin Manjo ya ce motar ba za ta fita daga gidan ba.

Kullum nakan zo bayan azahar. A lokacin lungun ya yi tsit, maza sun koma kasuwa, mata sun shige ɗaka. Nakan zauna a kan buhu in shafa wa bakin bawul man gurza, in sa sanda mai roba a kansa in yi ta murzawa tsakanin tafukana, in ɗaga in juya in sake murzawa, har bakinsa da mazauninsa su haɗu ba kafar iska. Aiki ne mai cin rai, ba ka jin komai sai ƙaiƙai-ƙaiƙai na ƙarfe a kan ƙarfe. Manjo yana zaune yana kallo. Ba ya tambaya, ba ya gyangyaɗi, ba ya jan carbi. Wani lokaci sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata." In dakata. Ya karkata kai kamar mai sauraren kiran salla daga nesa, sannan ya ce, "Ci gaba."

Abin da na fara lura da shi kuma shi ne ba ya taɓa zama ta ɓangaren da ake hawa motar. In zai wuce, sai ya kewaya ta baya yana goga kafaɗa da bango, kamar yadda mutum ke raɓawa in wani babba na zaune a hanya.

Wata rana Hajiya ta kawo mini kunun tsamiya da kanta. Manjo ya shiga alwala. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, in abin ba zai gyaru ba, ka gaya masa gaskiya ba zai gyaru ba. Ba wanda zai ga laifinka."

"Zai gyaru, Hajiya. Ya kusa ma."

Ta dubi ƙasa. "Tun da aka shigo da abin nan kajina suka daina shiga soron nan. Da can nan suke wuni." Ta ja mayafinta. "Shi kuma ya ce yana jin ƙararta da rana tsaka. Ni ban taɓa ji ba. Allah ya sani ban taɓa ji ba."

Ranar da nake daidaita tazarar bawul ne Manjo ya ba ni labarin, ba tare da na tambaye shi ba. Ina riƙe da ɓallin reza ina zura shi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, don da shi nake auna tazarar, sai na ji muryarsa a bayana.

Ya ce a gidan da gwamnati ta ba shi a can bariki akwai fili babba na ciyawa, kuma akwai wani kofur da ke yi masa hidima, ɗan gajere, mutumin tsaunukan Filato. Shi ne ke hawa motar. Yana sonta kamar dokinsa, yana wanke ta, yana yi mata waƙa da yarensu. A shekarun da ake ta kame mutane bisa zargin juyin mulki, wata rana da azahar, mota ta tsaya a ƙofar gidan, sojoji suka sauko. Manjo yana bene, yana kallo ta taga. Ya ɗauka shi suka zo ɗauka, har ya fara neman takalmansa. Sai ya ga sun nufi tsakiyar fili inda kofur ke yanka ciyawa. Suka yi masa magana, ya sauka, suka sa shi a tsakiya suka tafi. An ce wai ya taɓa kai wa wani hafsa saƙo.

"Ban sauko ba," in ji Manjo. "Da na sauko na ce yarona ne, ko da ba su sake shi ba, da ya ga na sauko. Ina tsaye a taga. Motar nan kuma tana tsakiyar fili tana aiki, wuƙa na juyawa, ba kowa a kanta. Ba wanda ya yi ƙarfin halin zuwa ya kashe ta, har ni. Ta yi ta yi har wajen la'asar, sannan ta yi wata ƙara ta mutu."

Na ajiye rezar. "Ranka ya daɗe, da wuƙa na juyawa ba za ta yi haka ba. Akwai makunni a ƙarƙashin kujera, na gan shi. In mutum ya tashi, injin mutuwa yake yi nan take. Don kada ta yanke wa wani ƙafa aka yi shi."

"Na sani," ya ce. "Shi ma kofur ya taɓa nuna mini."

Na ɗauki rezar na koma kan aikina. Na ƙarasa ɗaure bawul, na mayar da murfi da sabon gasket mai hana yoyon mai, wanda na yanka daga kwali, na juya injin da hannu. Yanzu yana gardama.

A bayan gidan akwai kango, sashen kakanninsu da ya rushe tun da daɗewa, katanga ce kawai ta rage ta kewaye shi. Ban san da shi ba sai ranar gwaji. Damina ta yi nisa, ciyawa ta tashi a ciki har ƙugu. Ni da Manjo muka turo motar ta tsakar gida, Hajiya ta kwashe tabarmi da kwanuka daga hanya ta shige ɗakinta ta saki labule. Hadari ya haɗo ta gabas, garin ya yi luf, babu iska ko kaɗan.

Na zuba sabon fetur, na ɗaura batir ɗin da na aro daga wani janareta. Na ce wa Manjo ya hau.

"Kai dai hau," ya ce.

Na yi bismilla na hau. Kujerar an matso da ita gaba sosai, daidai gajeren mutum, gwiwoyina har suna taɓa sitiyari. Na murɗa makulli. Ta yi tari, ta fesar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama. Duk bakaniken da ya ce ba ya jin daɗin wannan lokacin ƙarya yake yi. Na manta da komai, na saurari injin yana bugawa daidai, na ja sandar wuƙa, na ji ta ɗauka a ƙarƙashina. Na tafi gaba kaɗan, ciyawa na kwantawa, na bar hanya mai tsabta a bayana.

Sai na ji wata 'yar ƙas-ƙas daga wajen bawul, irin wadda ke nuna tazara ta ɗan yi yawa. Na taka birki na tsaya. Hankalina duk yana kan ƙarar, na diro don in kara kunne kusa da murfin. Na durƙusa ina saurare, na daɗe a haka, kafin ya faɗo mini cewa bai kamata in ji ƙarar komai ba. Ni ina ƙasa. Injin yana aiki. Wuƙa na juyawa a gefen ƙafata, tana watsa mini ɗanyar ciyawa a wando.

Na ɗago kai na dubi kujerar. Soson ya lotsa a tsakiya. Tsohon soso ne, na san tsohon soso yakan daɗe bai taso ba bayan an tashi daga kansa. Na jira ya taso. Bai taso ba.

Kujerar irin mai ɗagawa ce, tana kifuwa gaba don a kai ga batir. Ɗazun nan da yatsa biyu na ɗaga ta. Na kama bayanta na ja, ta ƙi. Na sa hannu biyu na ja, na ji ta ɗan motsa sannan ta koma, kamar yadda buhun hatsi ke yi in ka gwada shi ka ga ya fi ƙarfinka.  Na sake ta na ja da baya har na jingina da katanga.

Manjo ya tako a hankali cikin hanyar da na yanke. Ya zo ta ɓangaren da ake hawa, wurin da bai taɓa tsayawa ba, ya tsaya ƙyam, hannuwa a gefe. Ya yi magana, amma ƙarar injin ta hana ni jin abin da ya ce, kuma ba da ni yake ba. Ba doguwar magana ba ce. Da ya gama sai ya miƙa hannu, ya ratsa ta gefen sitiyari a hankali kamar mai gudun ya taɓa wani, ya murɗa makulli.

Injin ya mutu. Wuƙa ta yi ta juyawa tana rage gudu har ta tsaya. A cikin shirun na ji Hajiya daga ɗaki tana ta salati da ƙarfi.

Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo. Na ce a raina ba zan bar gidan nan ban duba ba, don in na tafi haka ba zan sake yarda da hannuna ba. Na matsa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, na taɓa kujerar. Ta kifu gaba da sauƙi. Na ciro makunnin, na haɗa shi da waya da ɗan ƙwan fitila kamar yadda muke gwadawa. In na danna, in na saki, yana yin abin da aka yi shi dominsa. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har inda suka ƙare, ko wani ya taɓa haɗe su. Ba wanda ya taɓa su, har ƙullin kamfani yana nan. Ina cikin ruwa tsamo-tsamo ina dubawa, Manjo ya dafa kafaɗata.

"Bar shi haka, Malam. Ka yi aikinka."

Na koma gida da zazzaɓi, na kwanta. Matata ta ce ruwan da ya dake ni ne, kuma mai yiwuwa gaskiyarta ne. Da na warke na je karɓo batir ɗin mutane, na tarar Manjo ba ya nan. Hajiya ta ce ya yi tafiya. A lokacin ana ta sakin waɗanda soja suka tsare, shi ne ya tafi neman kofur ɗin. Ya bi barikoki da gidajen yari, ya bi tsofaffin abokan aikinsa, wasu suka karɓe shi wasu suka ce a ce ba sa nan. Daga baya ya hau tsaunuka har ƙauyen mutumin, ya samu mahaifiyarsa da matarsa da yara. Su ma ba su da labari. Ba a ce musu ya mutu ba, ba a ce musu yana raye ba. Hajiya ta ce ya kwana a ƙauyen, suka ba shi abinci ya ci, ya dawo da babban ɗan kofur ɗin ya sa shi makarantar kwana.

Motar ban sake taɓa ta ba. Da kaka ta yi, Manjo ya ba da ita ga wata makaranta a bayan gari mai filin ƙwallo. An aiko mini daga makarantar sau ɗaya cewa tana ɓata mai, na tura su wurin wani abokin sana'ata a Fagge, na ce aiki ya yi mini yawa. Na tambaye shi daga baya ko ya ga wani abu. Ya ce kafireta ce kawai, inda mai ke haɗuwa da iska, ta toshe, ya wanke.

Bayan wasu shekaru na haɗu da Manjo a wurin ɗaurin aure a Shahuci. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, an ce ya shiga harkar takin zamani. Hajiya ta rasu, ya gaya mini, na yi masa ta'aziyya. Muka tsaya a inuwar wani shago ana rabon goro da alawa, muna ta gaisawa da mutane. Ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni ko har yanzu ina Dukawuya. Na ce ina nan. Ya ce ya sayi gona a hanyar Wudil, yana so ya sa injin ban ruwa, wane iri zan ba shi shawara ya saya. Na gaya masa wanda ya fi ƙarko da wanda kayansa suka fi sauƙin samu. Muna cikin haka aka ce a yi fatiha, muka ɗaga hannu.